Darasi: Farin Ƙurjin da Ya Ƙi Ɓacewa a Dasashi

Dasashi shi ne naman da ya lulluɓe ƙashin muƙamuƙi ya kuma kewaye gindin kowane haƙori, kuma idan yana cikin ƙoshin lafiya yakan kasance a tsuke, manne da haƙori, ba ya zubar da jini idan an goge shi da asuwaki ko buroshi. Launinsa ja-ja ne mai haske, ko da yake a bakin yawancin baƙar fata akan ga dabbare-dabbaren baƙi ko ruwan ƙasa a jikinsa, wanda halitta ce kawai. Idan kuwa wani wuri a dasashi ya tasa ya yi fari, to galibi ɗaya daga cikin abubuwa huɗu ne ya faru: ko mugunya ta taru a ƙarƙashin fatar, ko fatar ta yi kauri ta jiƙe da yawu, ko wani abu mai tauri yana turo ta daga ciki har jini ya janye daga wurin, ko kuma saman fatar ya ƙone ya mutu.

Fatar cikin baki tana da saurin warkewa saboda yawan jinin da ke gudana a cikinta da kuma yawun da ke wanke ta dare da rana, shi ya sa ƙunar shayi mai zafi, ko sukar ƙayar kifi, ko ɗan gyambon nan mai farin tsakiya da jan baki-baki da ke fitowa mutum lokacin gajiya ko bayan zazzaɓi, sukan warke cikin kwana 7 zuwa 14 ba tare da wani magani ba. A kan wannan ne likitocin haƙori suka ɗauki mako biyu a matsayin ma'auni, ta yadda duk ƙurji ko tabon da ya haura wannan lokaci, ko yake tafiya yana dawowa a wuri guda, ana ɗaukarsa abin da sai an bincika. Yawancin mutane kuwa da zafi suke auna ciwon baki, sai ya hana su barci ko tauna sannan su nemi asibiti, alhali a wannan babi rashin zafi ba ya nuna sauƙi, domin cututtukan da suka fi yawa da waɗanda suka fi haɗari duk sukan daɗe ba su yi wa mai su ciwo ba.

Ƙurjin da tushensa yake cikin haƙori

Mafi yawan farin ƙurjin da ke daɗewa a dasashin babba mugunya ce da ta taso daga saiwar haƙorin da ya mutu. Kafin a fahimci wannan sai an san yadda haƙori yake. A waje akwai farin ɓawo da ake kira inamel, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan taushi da ake kira dentin. A can tsakiya kuma akwai ɗan rami mai ɗauke da ɓargon haƙori, wato tattausan nama mai jijiyoyin jini da jijiyoyin jin zafi, wanda ya miƙe cikin saiwa har ya fita ta wata 'yar ƙofa a ƙarshenta ya haɗu da ƙashin muƙamuƙi. Abin da jama'a ke kira tsutsar haƙori aikin ƙwayoyin bakteriya ne, wasu halittu da ido ba ya gani, waɗanda ke zaune cikin dauɗar da ke manne wa haƙori, suna cin sukarin shayi da lemon kwalba da alewa da biskit suna fitar da wani sinadari mai tsami da ke narkar da inamel a hankali har kogo ya samu. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya nuna cewa kimanin mutum biliyan 2.5 ne ke ɗauke da ruɓaɓɓen haƙori da ba a yi wa magani ba, abin da ya sa wannan cuta ta fi kowace cuta yaɗuwa a duniya.

Idan kogon ya kai ga ɓargo, ciwo yakan tsananta, musamman da dare ko idan ruwan sanyi ya taɓa wurin, sannan bayan kwanaki ko makonni ɓargon ya mutu, ciwon ya ɗauke, mai shi ya ɗauka ya warke. Ƙwayoyin cutar kuwa suna nan cikin mataccen ɓargon suna hayayyafa, daga nan su bi ƙofar saiwa su shiga ƙashi, jiki ya tura musu fararen ƙwayoyin jini, gawarwakin ɓangarorin biyu su taru su zama mugunya. Da yake mugunya ba ta da wurin zama a cikin ƙashi, sai ta ci hanya siririya ta ɓullo a dasashi, galibi ta gefen kumatu ko leɓe, daidai inda ƙarshen saiwar yake. Ƙurjin da ake gani bakin wannan hanya ne, kamar rariyar gida wadda ake ganin ruwanta a lungu alhali wankin da ke kawo ruwan a tsakar gida ake yin sa, kuma kowa ya san toshe rariya ko share bakinta ba ya hana ruwan zuwa.

Siffarsa sananniya ce ga duk wanda ya duba da madubi da fitilar waya. Ƙurji ne ƙarami, daga girman ƙwayar gero zuwa na wake, gindinsa ja, kansa fari ko rawaya-rawaya, mai taushi idan an taɓa. Idan aka danna shi sai ɗan ruwa mai gishiri-gishiri ko ɗaci ya fito tare da wari, da yamma a ga ya kwanta, bayan kwana biyu ko uku ya sake cika. Haƙorin da ke kusa da shi sau da yawa yana da kogo, ko tsohon ciko, ko ya dushe ya yi toka-toka ya bambanta da 'yan'uwansa, kuma ba ya jin sanyi ko zafi, amma idan aka ƙwanƙwasa shi da cokali akan ji shi daban. Wani lokaci babu kogo ko kaɗan, sai dai haƙorin gaba ne da aka taɓa bugewa a haɗarin babur, ko dambe, ko faɗuwa tun ana yara, ɓargonsa ya mutu shiru, ƙurjin bai fito ba sai bayan shekaru.

A nan ne ake yawan yin asarar kuɗi da lokaci. Mai ƙurji yakan je kemis ya sayi kafso, ja da baƙi ko ja da rawaya, ya haɗa da filajin ya sha kwana uku, ƙurjin ya lafa, bayan wata guda ya dawo, ya sake saye. Dalilin dawowarsa a fili yake: jini ne ke kai magani duk inda za shi a jiki, jini kuwa ya daina shiga haƙorin da ɓargonsa ya mutu, saboda haka maganin yana kashe ƙwayoyin da suka fito waje ne kawai, matattararsu tana nan yadda take. Bugu da ƙari, yawan shan irin waɗannan magunguna barkatai yana koya wa ƙwayoyin cuta jure musu, har ranar da ake buƙatarsu da gaske su ƙi aiki. Magani na haƙiƙa biyu ne: ko likita ya huda haƙorin ya kwashe mataccen ɓargon, ya wanke cikin saiwar ya cike ta, haƙorin ya ci gaba da aiki, ko kuma a cire shi idan ya lalace ƙwarai. Da zarar an kawar da tushen, ƙurjin yakan rufe da kansa cikin 'yan kwanaki ko makonni. Haka abin yake ga yara masu haƙoran nono, kuma kuskure ne a ce a ƙyale tunda haƙorin zai faɗi, domin mugunyar tana kwance ne a kan haƙorin dindindin da ke girma a ƙasa, tana iya ɓata masa inamel tun bai fito ba.

Haɗarin barin wannan ƙurji shi ne ranar da hanyar ta toshe, ko garkuwar jiki ta yi rauni saboda ciwon sukari ko wata jinya, mugunyar takan nemi wata mafita cikin naman fuska da wuya. Idan daga turamen ƙasa ta taso tana iya bazuwa ƙarƙashin harshe da haɓa, wurin ya kumbura ya yi tauri, harshe ya ɗago ya danne maƙogwaro, yanayin da wani likita Bajamushe mai suna Ludwig ya bayyana tun 1836 kuma har yau ake kiransa da sunansa; idan daga haƙoran sama ne tana iya hawa zuwa ido. Zazzaɓi tare da kumburin fuska, ko kasa buɗe baki, ko wahalar haɗiye yawu, ko sauyin murya da numfashi, alamu ne da ba a kwana da su a gida.

Akwai kuma mugunyar da ke taruwa a gefen haƙori mai rai. Dauɗar da ba a goge ba takan daskare ta yi tauri a gindin haƙori, ta raba dasashi da haƙorin, ta buɗe wani aljihu da abinci da ƙwayoyin cuta ke maƙalewa a ciki, kuma idan bakin aljihun ya rufe sai ƙurji ya taso kusa da leɓen dasashi. Mai irin wannan yakan ga jini a asuwaki, bakinsa yana wari, haƙoransa suna girgiɗi, kuma idan ƙurajen suna yawan fitowa a wurare daban-daban ya kamata a auna sukarin jininsa, domin ciwon sukari da ciwon dasashi kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Matasa kuma, tsakanin shekara 17 zuwa 25, lokacin da turmin ƙarshe ke fitowa, sukan sami kumburi mai mugunya a ƙarƙashin naman da ya rufe rabin turmin.

Waɗanda ba su da wata illa

Wasu ƙulluttukan ba su da mugunya, ba sa fashewa, ba sa girma sai a hankali ƙwarai. Inda kaifin karyayyen haƙori, ko haƙoran roba da ba su zauna daidai ba, suke gugar dasashi kullum, naman yakan tara tabo ya zama ɗan ƙullutu mai santsi da tauri, mai launin dasashi ko fari-fari, wanda likitoci ke kira fibroma. Yanke shi aiki ne na 'yan mintoci, amma yakan dawo idan ba a gyara abin da ke gugar ba. Wasu mutane kuma ƙashin muƙamuƙinsu ne ke da tudu, a ganɗa ko ta gefen harshe a muƙamuƙin ƙasa, sau da yawa hagu da dama lokaci guda, kuma saboda fatar da ke kansa siririya ce sai ya yi haske. Taurinsa na ƙashi ne sak, ba a taɓa shi sai in zai hana sa haƙoran roba. Bayan cire haƙori ma wani ɗan tsinken ƙashi yakan ɓalle ya riƙa turowa ta dasashi, fari mai kaifi, har ya fita da kansa ko likita ya zare shi.

Jarirai sabbin haihuwa da yawa suna zuwa da 'yan fararen ƙuraje a dasashi ko a tsakiyar ganɗa, waɗanda iyaye kan ɗauka haƙora ne suka yi saurin fitowa. Ragowar ƙwayoyin halittar da suka gina baki ne tun jariri yana ciki, ba sa ciwo, ba sa hana shan nono, kuma sukan ɓace da kansu cikin makonni ko 'yan watanni. Babu dalilin kai irin wannan jariri wurin wanzami a tsaga ko a ƙwaƙule. A wasu sassan Sudan da gabashin Afirka, inda ake da al'adar ƙwaƙule tushen fiƙar jarirai da zaton shi ke kawo gudawa da zazzaɓi, an ga yadda aikin ke jawo zubar jini da ruɓewar wurin da cutar sarƙewar haƙora, ya kuma lalata haƙorin dindindin da bai fito ba.

Farin da ke saman fata

Wani farin kuma mai ciwon haƙori ne ke jawo wa kansa. Ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, ko cusa kanwa, ko ɗiga man kanumfari tsagwaronsa, balle ruwan batir ko fetur da wasu kan gwada idan ciwo ya kai su bango, duk suna ƙona fatar ta yi fari ta yamutse, bayan kwana ɗaya ko biyu ta saɓule ta bar jan gyambo. Ƙunar takan warke idan an daina, amma ga wanda ke maimaitawa kullum farin ba zai rabu da wurin ba. Asfirin dai sai an haɗiye shi ya shiga jini yake rage ciwo.

Akwai kuma farin da ke kama da guntattakin kindirmo a dasashi da harshe da cikin kumatu, wanda idan aka share shi da tsumma mai tsabta yake fita ya bar wurin ja yana raɗaɗi. Wani nau'in naman gwari ne ƙanƙane mai suna kandida, wanda ke zaune a bakin mutane da yawa lafiya lau, sai ya sami sarari ya yaɗu idan an daɗe ana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko ana kwana da haƙoran roba a baki, ko garkuwar jiki ta faɗi. A bakin jariri abu ne da aka saba gani, amma idan ya kama babba ba tare da wani dalili bayyananne ba, ko yana dawowa bayan magani, wajibi ne a yi gwajin ciwon sukari da na cuta mai karya garkuwar jiki.

Tabon da ba ya goguwa, da batun sankara

Farin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne wanda ba ya fita ko an goge, ba ya fashewa, ba ya ciwo, kuma likita ya duba bai ga wani abin da ke gugar wurin ba. Sunansa a likitance lukoplakiya, kuma fatar ce ta yi kauri saboda ƙwayoyin halittarta sun fara sauyawa. Yawancinsa ba ya zama komai, amma wani kaso yakan rikiɗe ya zama sankara, wato ciwon daji, bayan shekaru, kuma haɗarin ya fi yawa idan farin ya gauraya da ja, ko samansa ya yi gurgunu-gurgunu, ko yana faɗaɗa. Babban abin da ke kawo shi taba ce kowace iri, ta zuƙa da ta shaƙa da ta ɗorawa a baki, haɗarin kuma yakan ninka ga wanda ya haɗa ta da giya. Mai sa garin taba da kanwa tsakanin leɓe da dasashi, idan ya janye leɓensa a gaban madubi, sau da yawa zai ga daidai inda yake ajiye tabar ya yi fari ya yi tamoji-tamoji, dasashin kuma ya ja baya ya bar gindin haƙori a buɗe. Kanwar tana ƙara saurin shigar sinadarin nikotin cikin jini, shi ya sa barinta ke da wuya. A Sudan, inda ake haɗa garin taba da kanwa a yi abin da suke kira tumbak, bincike ya nuna yana ɗauke da sinadarai masu jawo sankara da yawan gaske, an kuma danganta shi da sankarar baki a daidai wurin da ake ɗora shi.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da aka ambata ya ƙiyasta sabbin masu kamuwa da sankarar baki da kimanin 380,000 a kowace shekara. A dasashi takan fara ne kamar ba komai ba, ɗan tudu fari ko ja-da-fari, ko gyambo mai kauraran gefe da ya ƙi rufewa, abin da ya sa ake yawan ɗaukarta ciwon haƙori. Alamun da ke raba ta da ƙurjin mugunya su ne taurin gindi idan an latsa, da saurin zubar jini, da girma ba ja da baya, da girgiɗin haƙori mai lafiya ba gaira ba dalili, da ramin haƙorin da aka cire ya ƙi cikewa, da mutuwar leɓen ƙasa ko haɓa, da kaluluwa mai tauri a wuya wadda ba ta ciwo. Wanda ya haura shekara 40, musamman mai tarihin taba, bai kamata ya jira waɗannan alamu su taru ba.

Kumburin da ke tasowa daga cikin ƙashin kansa ma yana iya bayyana da farko kamar tudu mai haske a dasashi. Wani jakar ruwa ce da ta taru a saiwar mataccen haƙori ko a kan haƙorin da ya ƙi fitowa, wani kuma ƙari ne mai suna amelobilastoma, wanda likitocin muƙamuƙi a Najeriya suka saba gani, mai girma sannu a hankali har ya sauya kamannin fuska idan an bar shi. Ga yara akwai abubuwa biyu masu gaggawa. Na farko sankarar Burkitt, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai kama muƙamuƙin yara a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, tana girma cikin makonni tana girgiɗa haƙora, amma tana jin magani idan an fara da wuri. Na biyu cutar noma, wadda ke farawa da gyambon dasashi mai wari da toka-tokan saman a bakin yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 mai fama da tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda, ta cinye kumatu cikin kwanaki. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin masu wannan cuta tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta.

Abin da ake yi a asibiti

Kafin a sami ganin likita, abin da ya dace shi ne kurkure baki da ruwan ɗumi da aka zuba wa rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi guda, da ci gaba da goge baki safe da dare da man goge baki mai sinadarin fuloraid, da barin taba, da guje wa huda ƙurjin da allura ko tsinke. Yana da amfani mai ciwon ya riƙe ranar da ya fara ganin abin, ya kuma ɗauki hotonsa da waya duk mako, domin likita ya ga ko yana girma. A ɗakin duba haƙori na babban asibiti, likita zai latsa wurin, ya ƙwanƙwasa haƙora, ya gwada su da sanyi don gane mai rai da matacce, ya shafa wuya, sannan ya ɗauki hoton eksire, wanda a cikinsa mugunyar saiwa ke fitowa kamar baƙin da'ira a ƙarshen haƙori. Wani lokaci yakan zura ɗan siririn tsinken roba ta bakin ƙurjin kafin ɗaukar hoton, tsinken ya bi hanyar mugunyar ya nuna ainihin haƙorin da ke da laifi, domin ba kullum ne wanda ke daf da ƙurjin ba.

Idan ba a sami tushe a haƙori ba, ko tabon ya ba da shakka, sai a tura mai shi asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano a Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Sakkwato da Maiduguri, ko manyan asibitocin Yamai da Damagaram, a yi masa abin da ake kira bayofsi, wato a kashe wurin da allura a yanko ɗan nama kaɗan a duba shi da madubin likita. Wannan ita ce hanya ɗaya tak da ake tabbatar da sankara ko a kore ta, kuma a nan ne mutane da yawa ke ja da baya saboda maganar da ta yaɗu cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe. Abin da ya haifar da wannan magana shi ne yawancin masu ciwon ba sa zuwa asibiti sai ya riga ya ci jiki, idan suka rasu bayan aiki sai dangi su ɗora laifin a kan wuƙar likita, alhali watannin da aka shafe ana shafe-shafe da turare a gida su ne suka ba cutar damar kaiwa ƙashi da wuya. Sankarar bakin da aka kama tana ƙarama, ba ta kai ga kaluluwa ba, galibi ana yanke ta a rabu da ita, mai ita ya ci gaba da ci da magana. Wanda aka cire wa lukoplakiya kuwa, ko da sakamakon ya nuna babu sankara, ana buƙatar ya riƙa komawa a duba shi lokaci-lokaci yadda likita ya tsara, saboda tabon yana iya sake fitowa a wurin ko a wani sashe na bakin.